Gwajin hannu, API, Microbact ko VITEK: wanne ya dace da lab ɗinka wajen gane baktiriya?

Wani ƙanena da muka daɗe muna aiki a benci ɗaya yana shirin buɗe ɗan lab nasa, kwanaki ya zo min da takardun farashi har uku a hannu kansa ya ɗau zafi. Wani ɗan kasuwa ya ce masa ya ɗauki inji irin VITEK ya dinga biya kaɗan-kaɗan, wani ya ce ai API ce mutunci, tsohon ogansa kuma ya ce ya bar wannan duka ya sayi garin agar, wato abincin da ake shuka ƙwaya a kai, da kwalabe ya yi da hannu kamar yadda aka koya mana a makaranta. Ya ce Yaya ka raba min gardama. Abin da na faɗa masa ne na ga ya kamata in shimfiɗa shi a rubuce, don na san ba shi kaɗai ba ne, akwai ɗalibai masu furojet da masu digiri na biyu da su ma suke tsaye a wannan mararrabar.

Da farko me ya sa ma sai an san sunan ƙwayar? Wasu na ganin ai in an yi sensitibiti an ga maganin da ya kashe ta shikenan. Ba haka ba ne. Faɗin da'irar da ake aunawa kewaye da faifan magani a kan agar ɗin Mueller-Hinton ba ya da ma'ana sai an san wace ƙwaya ce, domin a teburin CLSI da na EUCAST, hukumomin da ke tsara ma'aunin wannan gwaji, kowane dangi da nasa ma'aunin. Sannan akwai ƙwayoyin da tun halittarsu wani magani ba ya kama su. Proteus ba ya jin nitrofurantoin, Klebsiella ba ta jin ampicillin, Stenotrophomonas ba ta jin imipenem. In ka rubuta wa likita "coliform" kawai, wato 'yar hanji ba tare da suna ba, ka miƙa, ka bar shi cikin duhu, shi kuma mara lafiya ya je ya kashe kuɗi a kemis a banza.

Abu na biyu, duk hanyoyin nan in ka cire ɗaya, wato MALDI-TOF, tambaya iri ɗaya suke yi wa ƙwayar: wane suga kike ci, me kike fitarwa in kin ci, wane enzayim gare ki. Bambancin kawai wa ya haɗa kayan, wa yake karantawa. Kuma dukansu ba sa farawa sai ka samu kwaloni, wato ɗigon tarin ƙwayar da ya tsiro a fulet, ɗaya tsantsa da bai gauraya da wani ba, ka yi masa rinin Gram, wannan tsohon rinin da Hans Christian Gram ɗan Denmak ya fitar tun 1884. In Gram ɗinka ya karkace, ko injin miliyan nawa ka saka, amsar da za ta fito karkatacciya ce.

Abubuwan da za ka auna kafin ka cire ko kwabo

Na farko kuma mafi girma a wurina, ƙwaya nawa take tsirowa a lab ɗinka a sati. Ba samfur nawa ake kawowa ba, wanda ya tsiro har ake buƙatar a san sunansa. Mai samun biyar a sati da mai samun ɗari ba lissafinsu ɗaya ba.

Na biyu kuɗi, kuma kuɗin kashi uku ne: na sayen farko, na kowane gwaji, da na abin da zai lalace a firij kafin ka yi amfani da shi. Wannan na ukun shi mutane suke mantawa. Kusan duk kayan nan daga waje ake shigo da su da dala ko yuro, tun da aka saki naira a 2023 kuwa farashin da aka ba ka wannan watan ba lallai ka same shi wata mai zuwa ba.

Na uku wuta da sanyi. Inkubeta tana son digiri 35 zuwa 37 dare da rana, firij yana son 2 zuwa 8. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu zafin waje yana haura 40, kuma yawancin inkubetocinmu dumamawa kawai suka iya, ba sa sanyayawa, to in ɗakin ya fi 37 ita ma ta fi. Da hunturu kuma ƙura ce take sauka a fulet. Sai ƙwarewar hannun da zai yi aikin, sai lokacin da amsa take ɗauka, sai zurfin amsar, wato dangi kawai za ta ba ka ko cikakken suna har da magani. Na ƙarshe haɗari, shi ma iri biyu, haɗarin ba da sunan da ba shi ba, da haɗarin ma'aikaci ya kwashi cuta a benci.

Gwajin hannu, na kwalba da gilashi

Nan zan fi daɗewa, saboda ko wace hanya ka zaɓa ba za ka rabu da wannan ba.

In Gram ya nuna ƙwayoyi zagayayyu masu shunayya, katales za ka fara. Ɗigon haidurojin feroksaid mai kashi 3, ka taɓa kwaloni da tsinken katako ka saka, in ya yi kumfa nan take Staphylococcus ne, in shiru Streptococcus ko Enterococcus. Kada ka kankaro agar mai jini tare da shi, jajayen ƙwayoyin jini su ma suna da katales, za su ba ka kumfar ƙarya. Daga nan kowagules. Na kan gilashi minti ɗaya ne, amma in bai dunƙule ba kada ka yi saurin cewa ba S. aureus ba ne, sai ka yi na kwalba, ka duba bayan awa 4, in bai daskare ba ka bar shi ya kwana. Ruwan jinin zomo ake so. Na san da yawa ana amfani da na mutum daga bankin jini saboda shi ne a kusa, to ka sani yana iya ba da amsa mara tabbas, musamman wanda aka haɗa da sitiret, dole ka fara gwada shi da ƙwayar da ka riga ka san ta. Faifan optochin yana ware S. pneumoniae, bacitracin yana nuna S. pyogenes, novobiocin kuma S. saprophyticus da ake yawan gani a fitsarin 'yan mata da matan aure masu ƙuruciya.

In sanduna ne jajaye, oksides ne ƙofa. Ka goga kwaloni a takarda mai jiƙe da sinadarin, in ta koma shunayya cikin daƙiƙa 10 to tunaninka ya tafi wajen Pseudomonas, Vibrio, Aeromonas. In ba ta canza ba ka shiga gidan su E. coli. Kurakurai biyu nake yawan gani a nan. Ɗauka da wayar nikurom, wadda ita kanta tana iya sa launi, da kuma ɗauka kai tsaye daga agar mai rini irin MacConkey ko TCBS. Lokacin kwalara in ka ga kwaloni ruwan ɗorawa a TCBS, sai ka mayar da shi kan agar mara rini tukuna ya tsiro sannan ka yi oksides. Shi sinadarin ma ba ya daɗewa, da ya fara shuɗi a kwalbarsa ya tashi daga aiki.

Sai kwalaben da kowa ya sani. Indol, ɗigon Kovács ya ba da jan zobe a sama, E. coli na bayarwa, K. pneumoniae ba ta bayarwa amma 'yar'uwarta K. oxytoca na bayarwa, P. vulgaris na bayarwa P. mirabilis ba ya yi. Sitiret na Simmons daga kore ya koma shuɗi, Klebsiella na juya shi E. coli ba ya iyawa, kuma ɗan kaɗan ake shafawa, in ka lafta da yawa zai yaudare ka. Yuriyes na Christensen, Proteus na mayar da shi ruwan hoda cikin 'yan awoyi. Shi wannan wajen haɗawa ake ɓata shi, ba a saka yuriya a otokilef, sai an dafa gindin ya huce zuwa wajen digiri 50 sannan a zuba ta, wanda ya dafa su tare zai ga duk kwalabensa sun yi hoda tun ba a shuka komai ba.

TSI kuwa, wato agar mai suga uku, kwalba ɗaya ce mai labari da yawa. Gulukos kashi 0.1, laktos da sukuros kashi 1 kowanne, ka soka har ƙasa ka shafa gangaren, ka bar murfin sako-sako, ka karanta tsakanin awa 18 da 24, ba kafin ba ba bayan ba. Gangare ja gindi rawaya na nufin gulukos kaɗai ta ci. In babu iska babu baƙi kuma ba ta motsi, Shigella ake zargi. S. Typhi na ba da ɗan baƙi siriri a daidai inda aka soka, kamar an ja layi da biro, babu iska. Wanda ya taɓa gani sau biyu ba ya mantawa.

Ta fuskar kuɗi babu mai kama ƙafar wannan hanya. Garin TSI gram 65 ake zubawa a lita, ke nan kwalbar gram 500 za ta ba ka fiye da lita bakwai, kusan kwalaben gwaji dubu. Garin ba ya buƙatar firij, ka rufe shi ruf kawai don da damina yana shan laima ya dunƙule kamar dutse. In otokilef ta lalace tukunyar firesha mai kyau tana kai digiri 121 na minti 15. Babu injiniyan da za ka jira.

Amma tana cin hannu tana cin lokaci, kwana ɗaya bayan kalca, wani lokaci biyu. Kuma da kwalabe biyar ko shida iyakarka sanannun ƙwayoyi. Na taɓa ganin an fitar da sakamakon bayan gida an rubuta Salmonella saboda kwaloni fari a MacConkey da baƙi a TSI, aka ɗora yaro a kan maganin taifod, da muka maimaita sai ga yuriyes ya yi hoda kafin la'asar, Proteus ne. Kwalba ɗaya aka tsallake don ta ƙare a firij ba a haɗa sabuwa ba. Citrobacter freundii ma haka yake shigar burtu, sai da gwajin laisin da ONPG ake kama shi. Wannan abin ya tsaya min a rai, tun ranar ba na sa hannu a kan Salmonella sai na ga yuriyes da idona.

API da Microbact

Waɗannan gwajin hannu ne da kamfani ya busar ya jera maka a ƙananan ramuka. API 20E na bioMérieux na Faransa rami 20 ne. Ka ɗauki kwaloni ɗaya ka dama a ruwan gishiri mil 5, ka zuba ɗan ruwa a ƙasan tiren don kada ya bushe, ka cika ramukan, guda biyar ka rufe su da mai, wato masu alamar ADH, LDC, ODC, H2S da URE, ka sa a inkubeta awa 18 zuwa 24. Washegari ka ɗiga sinadaran TDA da indol da VP, ka karanta launi. Ana haɗa gwaje-gwajen uku-uku da maki 1, 2, 4, oksides ne na 21, sai ka samu lamba bakwai, misali 5144572 sananniyar lambar E. coli ce, ka shigar a apiweb, manhajar kamfanin, ya ba ka suna da kashi nawa ya tabbata. Akwai 20NE na su Pseudomonas, akwai API Staph, 20 Strep, Coryne, NH, kowanne da kwalinsa.

Microbact na Oxoid shi ɗalibanmu suka fi sani. 12A kaɗai ya isa ga 'yan hanji marasa oksides, in ka haɗa da 12B ya zama 24E ya ƙara faɗi. Tsarin ɗaya ne, launi, lamba, manhaja a kwamfuta. In aka ce in zaɓa tsakanin su biyun zan ce ka ɗauki wanda dilansa yake kusa kuma ba ya yankewa, wannan ya fi ɗan bambancin da ke tsakaninsu muhimmanci.

Alherinsu shi ne gwaji ashirin a madadin biyar, babu dafa agar, babu wanke kwalabe, kuma amsar tana da lamba da za ka iya ajiyewa ka nuna wa kowa. Mai rubuta takardar da za a buga a mujalla zai fi samun sauƙi da masu dubawa. Ba sa buƙatar wani inji bayan inkubeta.

Matsalarsu firij da kwanan wata. Kwalin API 20E guda 25 ne, dole ya zauna a 2 zuwa 8, in ka buɗe jakar kuma ba ta daɗewa. Sinadaran ɗigawa daban ake sayensu kuma su ma suna mutuwa. In ƙwaya uku kake samu a wata, rabin kwalin a shara zai ƙare, sai kuɗin kowane gwaji ya ninka. Ka duba kwanan wata kafin ka biya, ka tambayi yadda aka ajiye shi tun daga shigowa, don wanda ya kwana uku a bayan mota cikin rana a hanyar Legas zuwa Kano sunansa kawai ya rage. Sannan har yanzu ido ne ke karantawa, akwai ramin da zai tsaya tsakanin rawaya da ruwan goro mutum biyu su yi ta musu a kai. Babban haɗari kuma shi ne manhajar ba ta san ka yi kuskure ba, in ka zuba gaurayayyen kwaloni ko ka sa ƙwayar da ba ta wannan katin ba, za ta iya ba ka wani baƙon suna mai daɗin ji, kai kuma ka rubuta. Duk ranar da ka ga sunan da ba ka taɓa ji ba ya fito daga fitsarin talaka, koma ka duba fulet ɗinka.

Agar mai launi

Wannan gajeriyar hanya ce ta fitsari musamman. A CHROMagar Orientation E. coli na fitowa ja-ja ruwan hoda, Enterococcus ƙanana shuɗi-kore, su Klebsiella da Enterobacter shuɗi mai duhu, Proteus da da'ira ruwan ƙasa. Tun ranar farko ka san inda ka dosa, kuma in ƙwaya biyu ce a samfur ɗaya ido zai gani nan take. Ya fi CLED da MacConkey tsada, ba ya son haske, kuma ba ya raba Klebsiella da Enterobacter. Ka ƙara masa indol na minti ɗaya ka tabbatar da E. coli, tunda ita ce ta fi yawa a fitsari ka ga ka rage aikin kwalabe sosai.

VITEK 2 da 'yan'uwansa

Nan ne zuciyar ƙanen nawa ta karkata, kuma ban ga laifinsa ba. Kati ne mai rami 64, akwai GN, GP, YST na yis, NH, ANC. Ka dama ƙwaya a ruwan gishiri mai kashi 0.45, ka auna kaurin da na'urar DensiCHEK, in katin GN ko GP ne ya tsaya tsakanin 0.5 da 0.63 a ma'aunin McFarland, ka saka, injin ya cika ya rufe ya dinga karantawa da kansa. Cikin awoyi, yawanci ƙasa da goma, suna ya fito. Da katin magani na biyu zai ba ka MIC, wato mafi ƙarancin maganin da ya tsayar da ita, har ya ja hankalinka in ya ga alamar ESBL ko MRSA, wato ƙwayoyi masu bijire wa magunguna. Ga jaririn da ke kwance da cuta a jini wannan saurin ba ƙaramin abu ba ne. Compact ɗin yana zuwa mai ɗaukar kati 15, 30 ko 60. BD Phoenix da MicroScan su ma wannan layin suke.

To amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Injin dubban daloli ne masu yawa, kowace ƙwaya kati biyu take ci, katin na firij ne mai kwanan wata, kuma wajen kamfani ɗaya kawai za ka same shi. Yana son ɗaki mai AC da bai wuce digiri 30 ba, yana son wutar da ba ta ƙiftawa, in NEPA ta ɗauke tsakar dare babu inbata mai ƙarfi katunan da ke ciki sun tafi. In ya tsaya sai ka jira injiniya, sau da yawa daga Legas ko Abuja. Na shiga wani asibiti na ga irin wannan injin an lulluɓe shi da zani a lungu, lafiyarsa ƙalau, kati ne ya ƙare aka kasa sayen wani, ma'aikatan kuma sun riga sun watsar da haɗa kwalabe, sai suka koma ba wan ba ƙanen. Wannan ya fi komai ba ni tsoro game da inji, yana kashe hannu in ba a kula ba.

Masu cewa ka ɗauka kyauta ka dinga sayen kati, karanta yarjejeniyar da kyau, yawanci akwai adadin katin da dole ka saya, ko ka samu marasa lafiya ko ba ka samu ba.

MALDI-TOF

Shi ba gwajin suga ba ne, na sa shi ne don ana tambaya. Ana shafa kwaloni a faranti, a ɗiga wani sinadari, leza ta harba, injin ya auna nauyin furotin ɗin ƙwayar ya kwatanta da ma'ajiyarsa, cikin mintuna an gama. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da VITEK MS da Biotyper na Bruker a 2013. Kowane gwaji araha ne ƙwarai, injin ne ya haura dala dubu ɗari, ga kuɗin kula da shi duk shekara. Ba ya ba da sensitibiti, ba ya raba E. coli da Shigella da kyau, sai ka dawo wa laktos da indol da motsi. Wannan na manyan cibiyoyi ne.

| Hanya | Kuɗin farawa | Kuɗin kowace ƙwaya | Juriyar rashin wuta da zafi | Sauƙin aiki | Lokaci bayan kalca | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Gwajin hannu | Kaɗan | Mafi araha | Mai kyau, gari na daɗewa | Sai ƙwararre | Kwana 1 zuwa 2 | Tsallake gwaji, mataccen sinadari |
| API ko Microbact | Kaɗan zuwa matsakaici | Da tsada | Sai firij | Matsakaici | Awa 18 zuwa 24, wasu 48 | Lalacewa a ajiya, musun launi |
| Agar mai launi | Kaɗan | Matsakaici | Sai firij da duhu | Mai sauƙi | Ranar da ya tsiro | Dangi kawai yake nunawa |
| VITEK 2 da irinsa | Mai yawa | Da tsada | Ba ya jurewa | Mai sauƙi bayan horo | Awoyi | Yankewar kati, jiran gyara |
| MALDI-TOF | Mai yawa ƙwarai | Araha | Ba ya jurewa sam | Mai sauƙi | Mintuna | Kuɗin kulawa, babu sensitibiti |

Abin da babu ɗayansu da zai yi maka

Ko wanne ka ɗauka, Salmonella sai da antisera, wato ruwan gwajin da ke dunƙule ƙwayar in nau'inta ne, O9 da Vi da Hd ne ke tabbatar da Typhi, haka V. cholerae sai an gwada O1. Lokacin da mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022, wanda Kano ta fi kowace jiha jin jiki, API Coryne ko inji zai iya ce maka C. diphtheriae ce, amma ko tana fitar da guba sai gwajin Elek ko PCR, shi ya sa ake tura samfur ɗakin gwajin NCDC na ƙasa a Abuja.

Sai maganar tsaron rai, don Allah a riƙe ta. Muna yankin sanƙarau, mun ga abin da nau'in C ya yi a Zamfara da Sakkwato a 2017, duk abin da ya tsiro daga ruwan ƙashin baya a cikin kabad mai zuƙe iska ake taɓa shi. Muna kuma ƙasar shanu da nonon da ba a dafa ba, Brucella na nan, kuma tana cikin cututtukan da ma'aikatan lab suka fi kwasa a duniya. In kalcar jini ta yi jinkirin tsirowa, ka ga 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi jajaye kamar yashi, oksides ya kama, yuriyes ya juya da wuri, tsaya nan. Kada ka dama ta don API ko kati, damawar ce ke tada ta a iska, kuma an sha samun waɗannan hanyoyin sun ba ta wani suna daban kamar Ochrobactrum. Shinshina fulet da wasu ke yi don jin ƙamshin Pseudomonas, a daina.

Kuma ka nemi ƙwayoyin auna aiki ka ajiye: E. coli ATCC 25922, S. aureus ATCC 25923, P. aeruginosa ATCC 27853. Duk sabon haɗi, duk sabon kwali, ka fara gwada shi da su ka rubuta a littafi. 

To wa zai ɗauki wanne

In ɗan lab ne na unguwa ko na babban asibitin ƙaramar hukuma, ƙwaya ba ta fi goma ko ashirin a sati ba, yawanci fitsari da ƙurji da bayan gida, gwajin hannu ne naka. Kuɗin da ka tara ka zuba shi a sola da batirin da zai riƙe inkubeta da firij har asuba, da madubin gwaji mai kyau, da antisera. In fitsari ya fi yawa ka ƙara agar mai launi. Abin da na ce wa ƙanena ke nan, na kuma ce ya shirya da wani babban lab da zai dinga tura masa masu wuya.

In lab ne matsakaici mai kalcar jini lokaci-lokaci, hannu ya zama na kullum, ka ajiye kwali ɗaya na API 20E ko Microbact don waɗanda suka ƙi faɗuwa a kwalba da duk abin da ya fito daga jini. In kuna da maƙwabcin lab da kuka yarda da juna ku raba kwalin.

Ɗalibi mai ƙwaya ɗari ko ɗari biyu, kada ka zuba duka a API kuɗinka ba zai kai ba. Tace su da Gram da oksides da kwalabe, ka kasa su gida-gida, sannan ka tabbatar da wakilan kowane gida da API ko Microbact, kuma kada ka sayi kwalin sai ƙwayoyinka sun taru, don yajin aiki ko jinkirin samun izini na iya cinye kwanan watansa.

Asibitin koyarwa ko babban asibitin kuɗi mai ɗakin jarirai da na masu jin jiki, inda ƙwayoyi ke fitowa da yawa kullum, wuta ta tsaya, kuma akwai kasafin kati na shekara guda a rubuce kafin injin ya iso, nan VITEK 2 ko Phoenix zai biya kansa, da sharaɗin benci na hannu ya ci gaba da aiki a gefe, sababbin ma'aikata su fara daga can. MALDI-TOF kuma sai cibiyar da wasu labs da yawa ke turo mata samfur, wadda ta riga ta mallaki hanyar yin sensitibiti, kuma ta san daga inda kuɗin gyaran shekara ta biyu da ta uku zai fito.